Kwamfutar Baba a Ɗakin Aro

Ranar da Luba ta koma shagon mahaifinta bayan rabon gado, ta tarar da injin surfani yana nan inda ta bar shi, an lulluɓe shi da tsohon zani. Teburin da ke gefensa ne babu komai a kai. Waya ɗaya ce ta rage, tana reto daga jikin injin zuwa ƙasa.

Ta buɗe ƙofar da ta haɗa shagon da zauren gidansu, ta kira ƙaninta.

"Mikail, ina kwamfutar Baba?"

Yana tsugune yana wanke babur, bai ko ɗago ba. "Ai a rabona ta faɗo, Yaya. Ke inji, ni babur da kwamfuta, Husaina firinta da kayan ɗaki. Baffa bai gaya miki ba?"

Bai gaya mata ba, don bai ga abin faɗa a ciki ba. Baffa Sabo, ƙanin mahaifinsu, shi ya zauna a madadin mata ranar da malamin unguwa ya zo rabo. A zaure aka yi, maza zalla, Luba da ƙanwarta Husaina suna cikin gida suna dafa wa baƙi abinci. Aka riƙa fito da kaya ɗaya bayan ɗaya ana yi musu daraja. Duk Dala an san Luba ce ke sarrafa injin tun tana 'yar sakandare, saboda haka aka ce a kyauta mata a sa shi a rabonta. To, injin kaɗai ya cinye kason mace, kwamfutar ba ta samu shiga ba, sai aka tura ta kason namiji. A wurinsu kaya biyu ne, kamar keke da rediyo. Babu wanda ya taka zuwa tsakar gida ya tambaye ta.

Alhali kuwa kaya ɗaya ne. Mahaifinsu Alhaji Isiyaku ya sayo su tare a hannun wani ɗan kasuwa shekarar da soja suka miƙa mulki, lokacin da kowane sabon kansila ke neman babbar riga kafin ya nemi ofis. Duk zanen aikin da ya zauna ya tsara cikin shekara goma da ɗoriya, aska biyu, aska takwas, tambari, a cikin kwamfutar suke. Ita ke tura zane ta waya, inji ya bi da allura. In babu ita, injin ƙarfe ne kawai mai cin wuri.

Kuma daga wannan shagon tukunyar gidan Luba take tafasa. Mijinta Salihu yana zaune tun da masaƙar da yake yi wa aiki ta rufe, sai ɗan buga-bugan da ba ya kai su ƙarshen mako. Shagon kuwa na magada ne baki ɗaya. Baffa ya riga ya yanke magana: in inji yana aiki, Luba ta ci gaba da zama tana ba 'yan'uwanta wani abu, in ba ya yi, akwai mai sayar da ruwan sanyi da ke son haya kafin azumi ya kama.

"Tana ina yanzu?"

"Na kai wa Nazeer na Gwammaja, ya yi min musaya da 'yar sabuwa. Waccan ko fim ba ta kunnawa."

"Yaushe?"

"Tun makon jiya." Sai a lokacin ya ɗago ya ga fuskarta. "Lafiya, Yaya?"

"Ajiye soson nan. Tashi mu tafi."

Shagon Nazeer a ƙarƙashin wani bene yake a bakin titin Gwammaja, in mutum biyu suka shiga na uku sai ya tsaya a waje. Magidanci ne mai tabarau da furfura tsilli-tsilli a gemu. Ya saurari Luba har ta gama, sannan ya cire tabarau ya murza idanu.

"Malama, kin makara kaɗan. Gangar jikin na haɗa da wasu na sayar wa 'yan gwangwan." Ya jawo durowa ya tona. "Amma faifan ajiyar yana nan, hard disk ɗin. Su ba na zubar da su."

Ya jona shi da waya ya kara a kunne. Har daga inda take tsaye Luba ta ji yana ƙas, ƙas, kamar agogon da batirinsa ya yi sanyi.

"Wannan ƙarar ta majinyaci ce," in ji Nazeer. "In za a kwashe abin da ke cikinsa, yau ne."

"Ka kwashe. Sai a sa a cikin ta Mikail."

"Ba za ta ɗauka ba. Windows 98 ne a kai, sababbin injinan nan ba su san yarensa ba. Tsofaffin da ke yawo a kasuwa kuma yau su tashi, gobe su ƙi, ba zan ɗora miki sana'a a kansu ba. Akwai dabara ɗaya. Zan gina masa kwamfutar ƙarya a cikin tawa, virtual machine ake ce mata. Kamar ɗakin aro ne a gidan wani. Zan shirya masa shi sak yadda ya saba, shi ya ɗauka har yanzu a tsohon gidansa yake."

"Zai yarda?"

"In an iya yi masa ƙaryar."

"To ai ka samu gwani," Luba ta ce tana duban Mikail. "In ka kasa, ga mataimaki."

Mikail ya sunkuyar da kai.

Washegari da hantsi suka dawo. Nazeer ya ce faifan ya mutu tun jiya da yamma, amma sai da ya ba da duk abin da ke cikinsa. Ya juyo musu da fuskar kwamfutarsa. A tsakiyarta akwai wata 'yar taga baƙa. Ya danna, rubutu ya fara gudu, sai taga ta yi shuɗi ta tsaya cik.

"Ya gane ba gidansa ba ne," in ji Nazeer. "Bari in canja masa kayan ɗaki."

Ya kashe, ya taɓa wasu wurare, ya sake kunnawa. Tsohon Windows ɗin ya yi ta ƙorafi, wai ya ga sabon abu nan, ya ga sabon abu can, Nazeer yana lallashinsa da dannawa. Can sai ga gajimaren nan da Luba ta sani, sai ga sautin da take ji kowace safiya bayan ta share shago. Ta dafa bakin tebur.

Komai yana nan. Hoton ɗanta na fari ranar suna, wanda Baba ya shimfiɗa a fuskar kwamfutar ya hana kowa canjawa. Ma'ajin zane-zanen da sunayen da ya raɗa musu da manyan baƙaƙe, na kansila, na limamin Juma'a, na ango mai gaggawa. A can gefe har da wanda ya rubuta wa "ɓarnar Luba", inda ya tara gwaje-gwajenta na farko ya ƙi gogewa.

Ta ja hijabi ta goge ido. "Ba ni linzamin kwamfutar."

Ta danna manhajar surfani. Ta buɗe rabi, zane-zanen suka jeru ƙanana-ƙanana kamar kan sarki, duk sun yi toka-toka. Sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiya da rubutun Turanci. Ta rufe shi, ya dawo.

Nazeer ya matso da fuska ya karanta.

"Makulli take nema."

"Baba bai taɓa sa mata lambar sirri ba."

"Ba na rubutawa ba. Wani ɗan abu ne kamar akwatin ashana, ana soka shi a bayan kwamfuta, a ƙofar nan mai faɗi. Manhajar tana leƙa shi, in ba ta gan shi ba, ba ta aiki. Haka masu ita suka yi don kada a kwafa."

"A sayo wani," in ji Mikail.

"A ina? Kamfanin ya daɗe da mutuwa. Ko sunansa ka nema a intanet ba ka ganin komai."

"Ba za ka iya yi mata ƙarya ba, kamar yadda ka yi wa wancan?" Luba ta tambaya.

"Sai na san abin da makullin yake ce mata. Ban taɓa riƙe shi ba." Ya sake cire tabarau. "Ko kuma na riƙe ban lura ba. In yana jikin gangar, yana Ƙofar Ruwa wajen 'yan gwangwan."

Suka tari A Daidaita Sahu su uku. A hanya direban ya yi ta yi wa wani mai baro faɗa. Nazeer ya bi da su ta lungun masu ƙarafa har filin wani Malam Ilu, wanda yake saye a hannun masu yawo. Tsibin kaya ne ya fi tsayin mutum: firiji, fanka, bayan talabijin, gangar kwamfutoci a kan juna. Wasu ƙarti suna lodi a wata doguwar mota.

Malam Ilu yana zaune kusa da sikeli yana cin rake. Luba ta gaishe shi ta yi masa bayani, har da girman abin da launinsa.

"Hajiya, mu nan ba ma tambayar abu sunansa, nauyinsa muke tambaya. Ga tsibi nan, in kin ga naki ki ɗauka. Amma ku hanzarta, motar nan ba ta kwana."

"Mahaifina ya rubuta sunansa a jiki da shuɗin fenti."

"Allah ya ji ƙansa. Da kowa yana haka da mun huta."

Mikail ya naɗe hannun riga ya hau. Ya yi ta jefo gangar kwamfutoci ƙasa, Nazeer yana juya su, Luba tana girgiza kai. Rana ta take, wani ƙarfe ya yanki Mikail a tafin hannu, ya ɗaure da hankici ya ci gaba. Sai da ya kusa kaiwa ƙasan tsibin sannan ya tsaya.

"Yaya."

Ga ta nan, gefe ɗaya ya lotsa, rubutun Baba yana jiki irin wanda yake yi wa jakar aikin hajji. Nazeer ya juya bayanta. Ƙofar mai faɗi tana nan, babu komai a cikinta.

Luba ta zauna a kan wani mataccen janareta.

Nazeer bai saki gangar ba. Ya sa farce yana taɓa 'yan ramukan da ke gefen ƙofar. "Ba fizge shi aka yi ba. Kwance shi aka yi a hankali. Mikail, da ka kawo min ita, kai ka cire wayoyin?"

"A'a. Baffa ne ya sa aka ware komai ranar rabo, don kowane kaya ya tsaya shi kaɗai."

"Malama, wace waya ce take shiga nan?"

Luba ta rufe ido tana tuno bayan teburin da take sharewa. "Ta firinta. Mai kauri, toka-toka. Kanta dogo ne, kamar kai biyu aka haɗa."

"Kai biyu ne," in ji Nazeer. "Na gaban shi ne makullin. Wayar firinta a bayansa ake ɗaura ta. Wanda ya kwance, tare ya kwance su."

Mikail ya diro daga kan tsibin. "Husaina."

Gidan auren Husaina a bayan dutsen Dala yake, cikin lungun da A Daidaita ba ta shiga. Nazeer ya tsaya a zaure, Luba da Mikail suka shige. Firintar tana can saman kabet, an yafa mata ƙyallen leshi, an ɗora kwalbar turare a kai.

"Yaya, kin ga yadda ta ƙawata ɗakin? Duk wadda ta shigo sai ta tambaya."

"Ina wayarta?"

"Wace waya?"

"Mai kaurin nan."

Husaina ta yi dariya. "Au, wannan. Igiyar gugarmu ce ta tsinke, sai Abban Jamila ya ƙara da ita. Wallahi ta fi ta kasuwa ƙwari, tun ranar ko gezau ba ta yi ba."

Luba ta fita tsakar gida ba tare da ta sa takalmi ba. Gugan yana cikin rijiya, wata maƙwabciya ta sake shi ta tafi ɗauko bokiti. Ta kama igiyar ta fara ja. Igiyar roba ta ƙare, ƙulli ya wuce ta hannunta, sai waya mai kauri ta biyo. A can ƙarshe, inda aka ɗaure ta da hannun guga, ga kan nan biyu yana reto, ruwa yana tsiyaya daga cikinsa. Haƙoransa sun yi kore.

"Me ya faru?" Husaina ta tambaya daga bakin ƙofa. "Yaya, wani abu na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Kawo wuƙa."

Nazeer ya karɓa a zaure, ya jijjiga shi kusa da kunne, ya ji ruwa yana motsi. Ya ce zai buɗe shi ya wanke da sifirit da buroshi, ya shanya. Ya ce a ba shi lokaci ya bushe sosai, ko mako ne, kuma ko an ba shi bai yi alkawari ba.

Lokacin ne babu. Da yammar ranar Baffa Sabo ya aika aka kira Luba. Ta same shi a kan buzu a ƙofar gida, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwashe komai ta gaya masa, tun daga teburin har rijiyar. Ya saurare ta yana jan carbi.

"Da na sani da ban bari an raba su ba," ya ce. "Amma rabo ya riga ya tabbata, an yi addu'a an shafa. Yanzu ga Alhaji Nata'ala mai ruwan sanyi yana ta yi min sintiri, ya ce in ba a ba shi ba wannan Juma'ar zai kama wani a Kabara. Ni amana ce a wuyana, Lubabatu. Husaina tana da haƙƙi a shagon nan, Mikail yana da shi."

"Ni na yafe nawa, Baffa," in ji Mikail daga baya.

"Kai ka yafe. Mijin Husaina bai yafe ba, ya zo nan da kansa." Ya dubi Luba. "Ranar Juma'a bayan la'asar zan zo da shi. Ba ƙara nake son ji ba, ƙara ko injin markaɗe yana yi. Riga nake son gani tana fita. In na gani, da bakina zan ba shi haƙuri."

Ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci Nazeer ya iso da kwamfutarsa a rungume, Mikail yana biye da fuskarta a ka. Babu wuta, Salihu ya samo mai ya tayar da ƙaramin janareta a bakin ƙofa, ya koma gefe ya zauna. Luba ta riga ta yaye zanin, ta sa wa injin mai, ta zura zare.

Nazeer ya fito da makullin daga aljihu, a naɗe cikin auduga. Koren ya fita, amma haƙoran sun yi tabo. Ya soka shi a bayan kwamfutarsa, ya jona wayar inji, sannan ya buɗe wa ɗakin aron hanya zuwa ƙofofin biyu. Tsohon ya tashi lafiya, da gajimarensa da sautinsa.

Luba ta yi bisimilla ta danna manhajar. Akwatin ya fito. Nazeer ya zare makullin ya hura, ya mayar. Ta sake dannawa, ya sake fitowa. Ya ɗan karkata shi, ya tokare da guntun kwali.

"Sake."

Akwatin bai fito ba. Zane-zanen da suka yi toka-toka suka ɗauki launi gaba ɗaya, kore da ruwan gwal da fari, layi bayan layi har ƙasa. Mikail ya kama kafaɗar Salihu yana jijjigawa. Luba ta kai hannu ga linzami, Nazeer ya tare da nasa.

"Tsaya, Malama. Taɓa nan."

Ta taɓa makullin. Da ɗumi.

"Bai kamata ya yi ɗumi ba. Akwai inda yake yoyo a ciki. Ba zai daɗe ba, kuma manhajar ba sau ɗaya take leƙa shi ba, tana yi tana sakewa." Ya rage murya. "Shawarata, tun yana da rai, mu fitar da zane-zanen nan zuwa irin fayil ɗin da injinan zamani ke karantawa. In mun yi haka, ko shago ya tafi, aikin Alhaji yana hannunki. Ki kai shagon wani a ɗinka miki, ki ci ribarki."

"Zai ɗauki lokaci?"

"Ɗaya bayan ɗaya ake yi. Zai kai mu magariba, in ya kai."

"Ka riƙa fitarwa, ni kuma ina turawa inji."

"Ba ta haɗa aiki biyu."

"Mu fara da rigar, in Baffa ya gani ya tafi sai mu fitar."

"In ya jira mu."

Ladan ya kira la'asar. Luba ta dubi mijinta. Salihu yana kallon janareta, ya bar mata maganar. Ta dubi injin, ta tuna yadda masu shago a kasuwa ke yi wa mai kawo aiki daga waje, a ajiye nasa sai an gama na gida, a yanka masa abin da aka ga dama. Ta dubi ƙofar da Baffa zai shigo.

"Riga," ta ce.

Nazeer ya janye hannunsa.

Riga ɗaya ce yankakkiya a shagon, farar shadda ta wani tsohon abokin cinikin Baba. Tun kafin rasuwar ya kawo, sauran duk sun kwashe kayansu, shi ya ce zai jira 'yar Alhaji. Ta ɗaura gaban rigar a firam, ta ja ta yi tsam, ta zaɓi aska takwas. Suka yi salla bi da bi a cikin gida. Tana dawowa ta ji sallamar Baffa a zaure, da wata murya mai kauri a bayansa. Ta danna.

Injin ya yi gyaran murya, firam ya matsa, allura ta sauka. Ƙarar ta cika shagon ta fita titi, har mai shayin tsallake ya miƙe yana leƙowa. Zare ruwan gwal ya fara kwanciya a kan farar shadda, askar farko ta fito da tsininta, ta biyu ta biyo.

Baffa ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu a baya. Murmushi ya fara kama gemunsa. Alhaji Nata'ala, wani ƙaƙƙarfan mutum mai makullan mota a hannu, ya kalli injin, ya kalli bango, ya ja tsaki a hankali.

"Hannun Isiyaku ke nan," in ji Baffa. "Ko a duhu na gan shi na gane."

Luba ta ƙara matsawa kusa da injin. Idonta yana kan allura, na Nazeer yana kan bayan kwamfuta. Aska ta uku ta cika. Ta huɗu ta kai rabi.

Wani siririn ƙauri ya taso. Ɗan akwatin ya fito a tsakiyar taga. Injin ya ƙara 'yan ɗinki da abin da ya rage a cikinsa, sannan ya tsaya, allura a soke cikin shadda.

Sai ƙarar janareta kaɗai.

"Zare ne ya tsinke?" Baffa ya tambaya.

Nazeer ya zare makullin, ya sauya hannu saboda zafi, ya kai hanci. Ya hura, ya mayar, ya tokare. Luba ta danna, akwati. Ya sake, ta sake, akwati. Ya buɗe murfin da farce ya duba ciki, ya juya shi wajen haske, sannan ya ajiye shi a kan tebur a hankali ya sa hannuwa a aljihu.

Baffa ya daɗe a tsaye. Ya dubi rigar, ya dubi 'yar ɗan'uwansa.

"Malam Nazeer, akwai gyara?"

"Babu, Baba."

"Ko nan gaba?"

Nazeer ya girgiza kai.

"Allah ya sa haka ne mafi alheri," in ji Baffa. "Lubabatu, ki yi haƙuri. Za a nemo masu ɗauka su shigar miki da injin cikin gida."

Alhaji Nata'ala ya bari sai da suka juya, sannan ya tambayi Baffa ƙasa-ƙasa ko soket ɗin bangon can zai ɗauki firiza biyu. Suka fita suna maganar.

Salihu ya tashi ya ce zai je ya ɗauko yara daga Islamiyya. Mikail ya tsaya yana murza hankicin da ke hannunsa.

"Yaya, ki karɓi sabuwar tawa. Wallahi na bar miki."

"In yi me da ita?"

Ta juya wajen kwamfutar Nazeer.

A cikin 'yar tagar komai yana nan lafiya lau. Hoton jaririn, ma'ajin zane-zane, agogon da ke kusurwa yana tafiya daidai. Zane-zanen sun koma toka-toka, ƙanana, ba a ko iya ƙirga layin zarensu.

"Ɗakin ba zai lalace ba," in ji Nazeer. "Zan ajiye miki shi, in kwafa a wuri biyu. Duk ranar da kike so ki zo in kunna miki."

"In kalla?"

"Ki kalla."

Ta ɗaga allurar da hannu, ta kwance firam, ta ciro rigar. Mai ita zai aiko gobe. Ta ɗauko reza daga gwangwanin allurai, ta juya bayan shaddar, ta fara yanke zaren ɗinki ɗaya-ɗaya tana tsincewa. Inda ta tsince ta ɗaga wajen ƙofa ta duba. Hujin allura sun zauna a jikin shaddar, siffar askar tana nan ɓaro-ɓaro, irin wadda wanki da bugu ba sa ɓatarwa.

Janareta ya fara tari.

"Mai ya kusa ƙarewa," in ji Mikail. "In kashe?"

"Tsaya a rufe tsohon tukuna," Nazeer ya ce. "In wuta ta yanke masa, gobe da ƙorafi zai tashi."

Luba ta ajiye reza, ta kama linzami, ta bi hanyar da hannunta ya saba. Hoton ya dushe, taga ta yi baƙi, wani rubutu ruwan lemo ya fito a tsakiya.

"Me ya ce?" Mikail ya tambaya.

"Wai yanzu babu laifi a kashe," in ji Luba.

Mikail ya fita ya kashe. Luba ta ja kujera zuwa bakin ƙofa inda sauran hasken yamma yake, ta shimfiɗa rigar a cinya, ta nemi inda ta tsaya.